Ido ba mudu ba ne: littattafan koyon zana alƙaluma da sanin yadda ido ke karanta su

Ɗiyar ƙanwata tana ajin ƙarshe a ɗaya daga cikin manyan makarantunmu na nan Katsina, kuma binciken kammala karatunta a kan zazzaɓin cizon sauro ne. Ta tattaro alƙaluma na ƙananan hukumomi 34 na jihar nan, ta zuba su a Excel, ta zaɓi zanen nan mai da'ira da ake yayyankawa kamar kankana, wanda ɗalibai ke kira fai-cat. Kowace ƙaramar hukuma ta ba ta launinta, sannan ta karkata da'irar ta yi tudu kamar an kife kwano, wai haka ya fi ban sha'awa. A fuskar kwamfuta sai ka rantse atamfa ce. Da ta kai wani shagon buga takardu a wajajen Ƙofar Ƙaura aka fitar mata da shi baƙi da fari, launukan nan duka suka koma toka-toka, ba ka bambance Funtuwa da Baure.

Bayan magariba ta iso gida da takardar a hannu. "Kawu, wane littafi zan karanta in iya abin nan? Ko wata manhaja ce ba ni da ita?"

Na ce mata, ɗiyata, manhajarki lafiya lau take. Ko da launi aka buga miki, babu mahaluƙin da zai dubi yanka 34 ya faɗa miki Mashi ce ta fi Mani ko Mani ce ta fi Mashi. Abin da ya gagara yana cikin idon mai kallo, kuma daga can ya kamata karatun ya fara. Bayanin da na yi mata a daren nan shi ne na ga ya dace in shimfiɗa, domin ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba. Akwai ma'aikatan lafiya masu haɗa rahoton wata-wata, akwai 'yan jarida, akwai samarin da suka rungumi koyon nazarin alƙaluma a 'yan shekarun nan.

Littattafan wannan fanni iri biyu ne. Wasu suna ce maka yi kaza, bar kaza. Wasu kuma suna gaya maka yadda ido da ƙwaƙwalwa ke aiki, har ka gano da kanka dalilin da ya sa aka ce a bar kazan. Yawancin masu koyo na farkon suke kamawa su tsaya a nan, sai su zama kamar mai hadda ba fassara: ya iya jero ƙa'ida, amma ranar da ya haɗu da abin da ba ya cikin haddar sai ya tsaya cak.

Gwada wannan kafin mu shiga sunayen littattafai. Miƙa hannunka gaba ɗaya, ka dubi farcen babban yatsanka. Iyakar abin da idonka ke gani tar a lokaci guda bai wuce faɗin wannan farcen ba sosai. Sauran duk dishi-dishi ne. Abin da ke sa ka ji kamar kana ganin ɗaki gaba ɗaya shi ne ido yana tsalle daga nan zuwa can kamar sau uku ko huɗu a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗinke gutsattsarin. Ita ma ƙwaƙwalwar ba ta riƙe fiye da abu uku zuwa huɗu na gani a lokaci ɗaya. To ka ga mai kallon zanen ɗiyata sai ya dubi yanka, ya koma gefe inda aka jera ma'anar launuka, ya nemo, ya dawo, kafin ya kai na biyar ya manta na farko.

Amma akwai abubuwan da ido ke cafkewa tun kafin ka yi niyyar nema. Ka shiga kara a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, farar tunkiya ɗaya tak a cikin garken jajayen awaki ba sai an nuna maka ita ba, ko awakin goma ne ko ɗari biyu. In kuwa aka ce ka nemo jar akuya mai tsagaggen kunne a cikin jajayen nan, dole ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Anne Treisman, ita da abokin aikinta suka fitar da bayani mai tasiri a kan wannan bambanci a 1980. Launi, girma, karkata da motsi suna daga cikin abubuwan da ke fitowa da kansu. Darasin ga mai zane a fili yake: in kana son a ga Jibiya, ba ta launi ita kaɗai, ka bar sauran 33 a ruwan toka. In ka ba kowa launi, ba ka ba kowa ba.

Littafin da ya tattara irin waɗannan bayanai ya kuma juya su zuwa shawara ga mai zane shi ne Information Visualization: Perception for Design na Colin Ware, wanda ya yi koyarwa a Jami'ar New Hampshire ta Amurka; littafin ya fara fitowa a shekarar 2000. A ganina shi ne ƙashin bayan fannin. Sai dai yana da nauyi, kuma wanda ya ɗauke shi a matsayin littafin farko zai iya ajiye shi tun a babin da ke bayanin haske da ƙwayoyin ido. Marubucin yana da ƙaramin ɗan'uwansa, Visual Thinking for Design, na 2008, gajere ne kuma mai sauƙin shiga. Da shi nake cewa a fara, a bar babban a matsayin wanda ake komawa gare shi in tambaya ta taso. Wanda kuma ke son sanin gani don kansa, ba don zane ba, Eye and Brain na Richard Gregory, tun 1966, har yanzu yana da daɗin karatu, musamman inda yake nuna yadda ido ke ruɗuwa.

Batun ruɗuwar ido ba Turawa suka fara shi ba. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi zamansa a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir kimanin shekara dubu da ta wuce, juzu'i bakwai. Shi ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da wani haske ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a aikinsa shi ne cewar da ya yi yawancin abin da muke kira gani hukunci ne da hankali ke yankewa cikin gaggawa, ta hanyar kwatanta sabon abu da wanda ya saba gani, kuma ya ware juzu'i na uku kacokan ga kurakuran gani. Har dalilin da ke sa wata ya yi kamar ya fi girma in yana ƙasa-ƙasa da sanda ya hau tsakiyar sama ya tattauna. Ba na cewa ɗalibin da ke gaggawar kammala bincike ya je ya nemo shi. Na kawo shi ne don mai karatun Larabci a cikinmu ya san yana da ƙofar shiga tasa. Mu kuma Katsinawa muna da Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, masanin lissafin da ya yi rubutu a 1732 kan hanyoyin tsara lambobi a gidajen hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimi ba zanen alƙaluma ba ne, kada a ce na ce, amma dai jera lamba a gida-gida don tsarinta ya fito ba baƙon abu ba ne a garin nan.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tambayar da ba mu yi ba ita ce: kimar me ya fi sani? Wasu masana lissafin ƙididdiga biyu, William Cleveland da Robert McGill, su suka zauna suka auna wannan a 1984. Suka riƙa nuna wa mutane zane-zane suna tambayarsu wannan kashi nawa ne na wancan, suna lissafa yawan kuskuren da ake yi. Da wannan sakamakon da abin da aka riga aka sani game da gani suka jera abin kamar tsani. Ido ya fi daidai in abubuwan suna tsaye a kan layi ɗaya ana kwatanta inda kowanne ya kai, kamar yara sun jeru a jikin bango ana duba wanda ya fi tsawo. Daga nan sai tsawo da kusurwa, sai faɗin fili, sai girman abu mai ciki, can ƙasa kuma duhu ko hasken launi. An sake irin gwajin a 2010 da mutane masu yawa ta intanet, tsarin bai canja ba sosai.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san wannan a aikace. Buhu biyu a jingine da juna, nan take za ka faɗi wanda ya fi cika. Tsibi biyu na gero a ƙasa, ɗaya mai faɗi ɗaya mai tsini, sai an kawo tiya. Zanen kankana yana tilasta wa ido ya auna kusurwa da faɗi, abin da bai ƙware a kai ba, in aka karkata shi kuma yankan da ke gaba sai ya kumbura ya fi na baya ko da adadinsu ɗaya. Zanen sanduna da suka tashi daga layi ɗaya yana ba ido aikin da ya fi iyawa. Wannan ne asalin ƙa'idar da ake yawan ji cewa a guji fai-cat, kuma wanda ya san asalin zai san iyakarta: in yanka biyu ne ko uku, kana son nuna cewa wani ya kai rabi, da'irar ba ta da laifi, domin rabi da kwata ido na gane su da wuri. Cleveland ya faɗaɗa wannan a littafinsa The Elements of Graphing Data na 1985. Ba shi da ado ko kaɗan, amma kusan kowace shawara a cikinsa da hujjarta.

Kafin su akwai Jacques Bertin, Bafaranshe mai zana taswira, da littafinsa Sémiologie graphique na 1967, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1983. Shi ya fara jera kayan aikin mai zane kamar yadda ake jera baƙaƙe: wurin da alama take, girmanta, duhunta, launinta, zubin saƙarta, karkatarta da siffarta. Ya kuma nuna cewa ba kowanne ke iya kowane aiki ba. Duhu yana da tsari, daga fari-fari zuwa baƙi-baƙi kowa ya san wane ne gaba. Launi ba shi da shi. In ka zana taswirar jihar nan ka sa shuɗi a inda cuta ta yi kaɗan, kore a matsakaici, shunayya a inda ta yi yawa, mai kallo ba shi da hanyar sanin shunayya ta fi kore sai ya je ya karanta. Da launi ɗaya ka ɗauka ka bi da shi daga haske zuwa duhu, da ya gane ba tambaya, kuma da ya tsira a injin fotokwafi. Littafin Bertin ƙato ne mai wuyar samu. Abin da ya ƙunsa ya shiga kusan duk littattafan da suka biyo baya, don haka ba dole ba ne a same shi.

Sai Edward Tufte, wanda sunansa ne ke fara fitowa duk inda aka yi wannan tambaya. The Visual Display of Quantitative Information ya fito a 1983, kuma shi da kansa ya buga shi, har sai da ya jinginar da gidansa don ya samu irin takarda da bugun da yake so. Littafi ne da ake kallo kamar yadda ake karantawa. A cikinsa mutane da yawa suka fara ganin zanen da injiniyan Faransa Charles Minard ya yi a 1869 na yaƙin da Napoliyon ya kai Rasha a 1812: wani faffaɗan layi ya tashi da sojoji 422,000, yana sirancewa har ya isa Mosko da 100,000, sannan baƙin layi na dawowa yana ta ƙanƙancewa, a ƙasa ga ma'aunin sanyin kowane zango, har ya ƙare da 10,000. Ba sai an yi maka bayani ba, da ido za ka ga mutuwar. A nan ne kuma za ka haɗu da William Playfair, ɗan Sikotilan da ya fito da zanen sanduna a 1786 da na da'ira a 1801, da taswirar likita John Snow ta kwalarar Landan a 1854, inda mace-macen suka taru kewaye da famfon ruwa guda.

Koyarwar Tufte ita ce kowane ɗigon tawada ya zama yana ɗauke da bayani, sauran duk tarkace ne a share. Yana da gaskiya a mafi yawan lokuta. Amma a karanta shi da sanin cewa hukuncinsa daga ɗanɗanonsa ne da gogewarsa, ba daga gwaji ba, kuma yana magana kamar alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara a gabansa. A 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Saskatchewan ta Kanada sun gwada, suka tarar mutane sun fi tuna zane mai ado bayan makonni fiye da wanda aka tsiraita, kuma adon bai hana su fahimta ba. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, don haka ba a ce an rushe Tufte ba. An dai nuna maganar ba ta ƙare a bakinsa ba. Na sha ganin matashin da ya karanta shi ya dawo yana raina duk zanen da ke da hoto, alhali allon da zai rataya a asibitin ƙauye yake shiryawa, inda hoton sauron ne zai sa a tsaya a duba tun farko.

Akwai kuma ɓangaren tsare kai daga yaudara. How to Lie with Statistics na Darrell Huff, 1954, ɗan ƙarami ne, a zama biyu an gama shi. Shi ya yi bayanin dabarar nan ta zana jakar kuɗi biyu don nuna cewa wani adadi ya ninka wani: an ninka tsawo, an ninka faɗi, sai hoton ya ci fili ninki huɗu, ido kuma ya ɗauke shi kamar ninki takwas. Sai dabarar yanke gindin sanduna, a ƙi farawa daga sifili, ƙarin da bai taka kara ya karya ba ya zama kamar an ninka. Duba zanen da ake yaɗawa a WhatsApp lokacin siyasa ko kasafin kuɗi za ka ga jikokin waɗannan dabaru. Na zamani a wannan layi shi ne How Charts Lie na Alberto Cairo, 2019, ɗan jarida daga Sifen da ke koyarwa a Jami'ar Miami. Ya buɗe shi da taswirar zaɓen Amurka na 2016, wadda ke nuna faɗin ƙasa alhali mutane ne ke jefa ƙuri'a. Mu ma abin ya shafe mu. A taswirar jihar nan ƙaramar hukumar Katsina da ta Daura 'yan ƙanana ne, Faskari da Ƙanƙara da Safana sun baje, amma cunkoson jama'a ba haka yake ba. In ka shafa launi bisa yawan masu cuta ba tare da ka raba da yawan mutanen wurin ba, ko dai ka zana taswirar yawan jama'a ba ka sani ba, ko ka sa ido ya tafi inda daji ya fi yawa.

Na aikin yau da gobe ba sa buƙatar dogon bayani. Storytelling with Data na Cole Nussbaumer Knaflic, 2015, da Excel aka yi misalansa, ya dace da ma'aikacin ofis. Show Me the Numbers na Stephen Few, 2004, ya fi shi zurfi, kuma yana ba jadawalin lambobi haƙƙinsa, domin wani lokaci jadawali ya fi kowane zane. Visualization Analysis and Design na Tamara Munzner, 2014, na ɗaliban kwamfuta ne masu son gina manhaja. Ga wanda canjin dala ya yi wa katanga, kuma mu ne da yawa, Fundamentals of Data Visualization na Claus Wilke da Data Visualization: A Practical Introduction na Kieran Healy duk marubutansu sun sa su a intanet kyauta. Na Healy yana koyar da manhajar R, na Wilke kuwa ba ruwansa da wace manhaja kake amfani da ita, zane ne yake nuna maka ya ce wannan mummuna ne, wannan kuskure ne, ga dalili. Shi na fara tura wa ɗiyata a wayarta.

Abin da babu ɗaya daga cikinsu da zai gaya maka shi ne wanda zai kalli zanenka a nan. An rubuta su ne da tunanin mai faffaɗar kwamfuta ko takarda mai sheƙi. Namu mai kallon a ƙaramar waya yake gani, hoton ya bi hannu biyar a WhatsApp ya dusashe, ko a fotokwafin fotokwafi. Tsarin ido ɗaya ne a ko'ina, farar tunkiya fara ce a Daura da Landan. Amma cewa lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama a zane al'ada ce, kuma dattijon da ya tashi da allo da ajami daga dama idonsa ya saba farawa. Cewa ja haɗari ne kore lafiya, shi ma koyonsa ake yi. Ga kuma mazan da ba sa bambance ja da kore, a Turai kusan ɗaya cikin goma sha biyu ne, a Afirka ba su kai haka ba amma akwai su.

Misalan da suka fi koyar da ni a wannan ɓangaren ba a littafi na gan su ba. Katin awon yara da ake ba uwa a asibiti, mai lanƙwasassun layuka da ake ɗiga nauyin yaro wata-wata, asalinsa daga aikin wani likitan yara Bature ne, David Morley, a garin Imesi-Ile da ke jihar Osun ta yanzu, tun wajen ƙarshen shekarun 1950, daga nan ya yaɗu a duniya. Uwar da ba ta karatu tana iya ganin ɗigon ɗanta yana hawa ko ya kwanta. Haka ɗan tef ɗin nan da ake zagaya wa dantsen yaro don gano tamowa: ƙasa da santimita 11.5 ja, daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. Launi uku kacal, a jere bisa tsari, kuma ga lamba a jiki ga wanda launin ya ruɗa.

Ɗiyata ta koma ta mayar da kankanarta sanduna 34 a kwance, sunan kowace ƙaramar hukuma a gefen sandarta, ta jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci bayan ta raba da yawan jama'a, biyar na sama baƙi wuluk, sauran toka. Kafin ta kai wa malaminta na ce ta fara nuna wa kakarta, ba tare da ta yi mata bayani ba. Hajiya ta riƙe takardar nesa da fuska, ta ɗora yatsa a kan doguwar sandar da ke sama, ta ce, "Wannan wane gari ne? Su kam suna shan sauro."